Bayan An Sha Ruwan Kusugu, Sai Ina?

A watan Yulin 2025, lokacin jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, Daura ta cika da baƙi maƙil. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga lokacin shi ne, baƙon da ya ce a zaga da shi gari, wuri biyu muke da su: ƙofar fada da rijiyar Kusugu. Zai shiga ɗakin da aka gina a kan rijiyar, a zura guga a ɗebo masa ruwa ya kurɓa, a ba shi labarin Bayajida da macijiya da Daurama. Kafin rabin sa'a an gama. Aikin hannun Bahaushen da ke raye yau kuwa, babu inda za a nuna masa.

A Kudu abin ya sha bamban. Gidan adana zane-zane na Yemisi Shyllon ya buɗe a Legas a 2019, aka sabunta tsohuwar cibiyar John Randle aka buɗe ta a 2024, Benin kuma tana ta fama da nata babban gidan, MOWAA. Alhali a Zariya ne, a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zanen zamani a Najeriya. A nan aka dafa, a can aka ci.

A ganina tushen matsalar shi ne yadda muka fahimci kalmar gyara. Da an ce za a gyara wurin tarihi, sai hankali ya koma kan siminti da tayil da fenti da katanga, domin su ne ake bayar da kwangilarsu, su ne ake yanke ƙyalle a gabansu. Albashin wanda ya san kayan, da kuɗin sayen sabon aiki daga hannun mai yinsa, ba su da ranar buki, saboda haka ba su da mai tsaya musu. Sai a wayi gari da gini mai ƙyalli, ciki kuwa abin da ɗalibi ya gani yana firamare shi zai tarar in ya dawo da nasa 'ya'yan. Wa zai koma karo na biyu?

Akwai kuma raini. Baduku da magini da mai ɗinkin aska takwas, sunansu masu sana'a, ba ma sa su a layin masu fasaha. Amma wanda ya taɓa tsayawa ya ga magini yana fitar da dagi a jikin soro da ɗanyar ƙasa, babu takarda babu ma'auni, ya san zane yake kallo. Irin waɗannan hannaye suna ƙarewa, masu digirin zane kuma suna tattara kayansu zuwa Abuja da Legas inda masu saye suke.

Wasu za su ce jihar da ke fama da 'yan bindiga da tsadar abinci ba ta da sukunin wannan, wasu kuma su kawo batun hukuncin sura. Na farkon yana da ƙamshin gaskiya. Na biyun bai taɓa hana mu zayyana da saƙa da adon gini ba.

Misalin abin da za a iya yi ma yana kusa. Gidan tarihin Boubou Hama na Yamai, wanda aka kafa a 1959, a cikin harabarsa maƙera da dukawa da masaƙa suke aiki, baƙo ya kalla ya saya. Rumfuna kaɗan irin waɗannan a gefen Kusugu, da zaure ɗaya da za a riƙa sauya kayansa duk Sallar Gani, ba za su ci kuɗin katanga guda ba.