Ba Kowane Mai Dajin Hanta Ake Yi Wa Dashe Ba

Idan likita ya ce wani ɗan'uwa yana da ciwon daji a hanta, ba a daɗewa sai a ji masu cewa a kai shi Indiya ko Masar a canza masa wata. Daga nan sai a fara maganar sa da shanun huɗa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a jinginar da gonar riɗi, a kuma kawo roƙon gudummawa gaban ikkilisiya bayan sujada. Niyyar mai kyau ce. Amma kafin a kama igiyar sa, ya kamata mu a Gagarawa Tasha, Gumel da Sule Tankarkar mu san cewa likitoci suna da ma'aunin da suke zaɓen wanda za a yi wa wannan aiki, kuma kuɗi ba ya sauya ma'aunin.

Wani likita Ba'amurke, Thomas Starzl, shi ya fara gwada dashen hanta a 1963. A shekarun farko an yi wa masu daji da dama, amma sau da yawa ciwon ya riƙa dawowa a sabuwar hantar. Dalili kuwa, duk wanda aka yi wa dashe dole ya sha maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki muddin ransa, don kada jikin ya ƙi baƙuwar hantar. To, idan dajin ya riga ya tsallaka wani wuri, wannan magani ya zama kamar an buɗe wa kura ƙofar garke.

A 1996 likitocin birnin Milan na ƙasar Italiya, ƙarƙashin Vincenzo Mazzaferro, suka fito da sakamakon aikinsu a kan mutum 48, inda kashi 75 cikin 100 suke raye bayan shekara 4. Ƙa'idarsu ita ce: in ƙari ɗaya ne, kada ya wuce santimita 5, watau kusan ƙwan kaza, in sun fi ɗaya, kada su wuce uku, kowanne kuma kada ya wuce santimita 3, kamar ɗan goro. Har ila yau, kada dajin ya shiga manyan jijiyoyin jini, kada kuma ya fita daga hanta. Wasu asibitoci sun ɗan faɗaɗa ma'aunin, wasu kan fara rage girman ƙarin da magani, amma har yau a kan wannan ƙa'ida ake gini.

A nan ne gizo yake saƙa. Ƙari mai girman goro ba ya ciwo. Mai shi yana noma, yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa. Mu kuwa ba mu nufar asibiti sai ciki ya kumbura, ido ya yi shawara, mutum ya rame, bayan an sha jiƙe-jiƙe wata da watanni. A lokacin, galibi dajin ya wuce ma'aunin Milan nesa. Saboda haka, abin da ya kamata dangi su fara yi shi ne su kai hoton ciki wurin likitan hanta, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, su tambaye shi ƙarara: nawa ne ƙarin, mene ne girmansa, ya taɓa jijiya? In ya ce dashe ba zai yi amfani ba, gonar ta fi amfani a hannun 'ya'yan. Majinyacin kuwa har yanzu yana bukatar maganin rage zafi da mutane a kusa da shi.

Ko wanda ya cika ma'aunin, da sauran rina a kaba. Sai an sami ɗan'uwa baligi mai lafiya, wanda jininsu ya dace, ya ba da yankin hantarsa, domin hanta tana sake tohowa. Sau da dama a wurin gwajin ne ake tarar da ɗan'uwan shi ma yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta mai lakabin B, wadda ita ce babbar mai jawo wannan daji a Afirka ta Yamma. Tana bin gida: daga uwa zuwa jariri wurin haihuwa, ko ta askar wanzami ɗaya da aka yi wa yara da yawa aski ko tsaga da ita. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 8 cikin kowane baligi 100 a Nijeriya suna ɗauke da ita.

Abokiyar ɓarnarta tana cikin rumbunmu. Tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 ƙasar nan take aika gyaɗa Kano, kuma al'adar tana nan: mai kyau ta tafi kasuwa, ƙanƙararriya da mai fumfuna a bar wa gida don miya da ƙuli-ƙuli. Fumfunar nan tana fid da guba mai suna afulatoksin, wadda dahuwa ba ta kashe ta, kuma in ta haɗu da cutar B a hanta ɗaya, haɗarin ya ninka ƙwarai.

Wanda gwajin jini ya nuna yana da cutar B, akwai ƙwayar tenofovir da ke danne ta, kuma likita kan sa a riƙa ɗaukar hoton hantarsa duk wata 6, don a kama ƙari tun yana iya yankuwa ko ƙonuwa ba tare da dashe ba. Jarirai kuwa, tun 2004 allurar rigakafin B take cikin alluran yara a Nijeriya, kyauta a asibitocin gwamnati. Ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. Ungozomomi da shugabannin Zumuntar Mata su lura da wannan, domin iyaye da yawa sai bayan suna suke fita da jariri, watau kwana bakwai ke nan.