Yadda Kamfanonin Talabijin Da Sinima Suka Mayar Da Wasan Besbol Babbar Sana'a A Amurka

A shekarar 1973 kamfanin watsa labarai na CBS ya sayar da ƙungiyar wasan besbol ta New York Yankees a kan kuɗi kimanin dala miliyan 10. A shekarar 2024 kuwa, mujallar Forbes ta ƙiyasta darajar ƙungiyar da sama da dala miliyan dubu 7. Babban dalilin wannan hauhawa shi ne kuɗin da kamfanonin talabijin da na nishaɗi suke zubawa domin su kai ga magoya bayan wasan.

Shi dai besbol ya yi kama da wasan kurket. Ɗan wasa ya jefo ƙwallo, abokin karawarsa ya doke ta da sanda, sa'an nan ya ruga ya zagaya kusurwoyi huɗu na fili. Babbar gasar wasan, wadda ake kira MLB, ta ƙunshi ƙungiyoyi 30. 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Kowace ƙungiya tana buga wasanni 162 a kaka guda, alhali a gasar Firimiya ta Ingila wasanni 38 ne kacal. Ke nan duk gidan talabijin da ya mallaki izinin nuna wasannin ƙungiya ɗaya, ya sami shiri na kusan kullum har tsawon wata shida, tare da 'yan kallon da masu talla ke nema.

Su waɗannan 'yan kallo, akasarinsu gadon ƙungiya suke yi daga iyaye da kakanni. Magoya bayan Chicago Cubs sun yi shekara 108, daga 1908 zuwa 2016, ba su ga ƙungiyarsu ta ɗauki babban kofi ba, amma ba su daina zuwa filin Wrigley ba. Kayan tunawa ma kasuwa ce mai zaman kanta: a shekarar 2022 an yi gwanjon wani kati na 1952 mai ɗauke da hoton ɗan wasa Mickey Mantle a kan dala miliyan 12.6.

An fara ba da sharhin wasan ta rediyo a 1921 a birnin Pittsburgh, aka kuma fara nuna wasan babbar gasa a talabijin a 1939. Daga baya masu gidajen watsa shirye-shirye suka lura cewa gara su mallaki ƙungiya da su riƙa sayen izini a hannunta. Attajiri Ted Turner ya sayi Atlanta Braves a 1976 domin ya cike lokutan tasharsa, ya kuma riƙa aika wasannin ta tauraron ɗan Adam zuwa sassan ƙasar. Kamfanin Tribune, mai tashar WGN, ya sayi Cubs a 1981 a kan dala miliyan 20.5.

Masana'antar sinima ita ma ba a bar ta a baya ba. Mawaƙi kuma ɗan wasan fim Gene Autry ne ya mallaki ƙungiyar Angels tun daga kafa ta, wadda ta fara wasa a 1961. Kamfanin Disney ya sayi hannun jari a cikinta a 1996, kafin ya sayar da ita a 2003. Haka nan kamfanin Rupert Murdoch ya sayi Los Angeles Dodgers a 1998 a kan sama da dala miliyan 300. A 2012 wasu masu zuba jari suka saye ta a kan dala miliyan dubu 2, kuma shekara guda bayan haka ta ƙulla yarjejeniyar talabijin ta shekara 25 da kamfanin Time Warner Cable a kan fiye da dala miliyan dubu 8.

To, sai dai wannan dukiya ta dogara ne ga yardar magoya baya, kamar yadda abin da ya auku a 1994 ya tabbatar. A ranar 12 ga Agusta na wannan shekara 'yan wasa suka shiga yajin aiki, sakamakon yunƙurin da masu ƙungiyoyi suka yi na ƙayyade yawan albashin da kowace ƙungiya za ta biya. Yajin ya kai kwana 232, aka soke wasannin ƙarshe na gasar, abin da rabon da a gani tun 1904. Da aka koma fili a 1995, yawan masu shiga kallon kowane wasa ya ragu da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Sai a 1998, lokacin da Mark McGwire da Sammy Sosa suka yi rige-rigen karya tarihin doka ƙwallo waje da fili, hankalin jama'a ya dawo sosai.

A 'yan shekarun nan barazanar ta fito ne daga wani ɓangare dabam. Gidaje da dama a Amurka sun daina biyan kuɗin talabijin na waya, sun koma kallo ta intanet. Wannan ya gurgunta tashoshin yankuna waɗanda ƙungiyoyi da yawa suka dogara da su. A watan Maris na 2023 kamfanin Diamond Sports, mai izinin nuna wasannin ƙungiyoyi 14, ya nemi kariyar kotu saboda bashi ya yi masa katutu.

Hukumar gasar ta ɗauki mataki kamar yadda mai shirya fim kan rage tsawon shirinsa idan masu kallo sun fara gajiya. A kakar 2023 ta sanya agogo da ke tilasta wa mai jefa ƙwallo ya yi jifa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Matsakaicin tsawon wasa ya sauko daga sama da awa uku zuwa kimanin awa biyu da minti 40, kuma adadin masu shiga filaye a wannan kaka ya haura miliyan 70.

Wata dabarar kuma ita ce neman kasuwa a ƙetare. A watan Disamba na 2023 Dodgers ta ɗauki ɗan wasan Japan Shohei Ohtani a kan kwangilar shekara 10 ta dala miliyan 700, wadda miliyan 680 daga ciki sai bayan ƙarewar kwangilar za a biya. Tsarin ya bar wa ƙungiyar sararin sayen wasu 'yan wasa, yayin da kamfanonin Japan suka yi tururuwa wajen sayen gurbin talla a filinta. Ƙungiyar ta ɗauki kofi a 2024.

Sai dai tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyi masu ƙarfin kuɗin talabijin da na ƙananan birane ta sake tayar da batun ƙayyade albashi, wanda shi ne ummul'aba'isin rikicin 1994. Yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa suka ƙulla a 2022, bayan an rufe harkokin gasar na kwana 99, wa'adinta na ƙarewa ne a watan Disamba na 2026. Ga kamfanonin da suka zuba dubban miliyoyin daloli a izinin watsawa, duk wasan da aka soke asarar kuɗin talla ce, kuma abin da ya biyo bayan yajin 1994 ya nuna cewa dawo da 'yan kallon da suka yi fushi yakan ɗauki shekaru.