Ina Ake Karatun Ɗaukar Hoto? Bayani Ga Matasan Ƙasar Pauwa

Yaron da ya gama sakandare a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, yana son ɗaukar hoto ta zama sana'arsa, da wuya ya ga kwas mai wannan suna in ya buɗe kundin JAMB. Daga nan wasu ke sarewa, su ce ashe ba abin da ake karantawa ba ne. Ana karanta shi, sai dai a yawancin manyan makarantun Najeriya yana cikin wasu kwasa-kwasan ne. Don haka kafin a sayi fom, sai a zauna a yi shawara: wane irin mai hoto ake so a zama?

Hanya ta farko ita ce aikin jarida, wanda ɗalibai ke kira Maskom. Ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da kwalejojin kimiyya da fasaha irin su ta Kaduna da ta Nuhu Bamalli a Zariya. A nan hoto darasi ne guda cikin darussa masu yawa, tare da rubuta labari, da aikin rediyo, da dokokin aikin jarida. A 2020 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta raba wannan kwas gida bakwai, ciki har da na jarida zalla da na fim da sauran kafofin zamani. Ba kowace jami'a ce ta buɗe duka bakwai ɗin ba, saboda haka a duba abin da ke ƙasa a makarantar da ake nema.

Hanya ta biyu ita ce zane-zane. Sashen zane na Zariya ya girmi jami'ar kanta, wadda aka kafa a 1962, domin tun a 1958 ɗalibansa suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar fasahar zane a Najeriya. Kusa da shi akwai sashen tsara zanen kayan masana'antu, inda masu karanta girafik ke haɗuwa da kyamara. Wanda ya bi ta nan zai daɗe da fensir a hannu kafin ya taɓa kyamara, amma zai fito da ido: ya san inda haske ke faɗuwa a fuska, da yadda launi ke zama kusa da launi, da abin da ya kamata a bari a wajen hoto.

Hanya ta uku tana Jos. Can ne Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa take, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, tana ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Can kuma Kwalejin Talabijin ta NTA take, mai alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello. Mai hangen Kannywood, ko aikin gidan talabijin, ko fim ɗin gaskiya mai bin diddigin rayuwar mutane, nan ya fi dacewa da shi.

To, mene ne ake koya wanda wayar hannu ba ta riga ta iya ba? Kyamara akwati ce da ke auna haske, kuma abu uku ke sarrafa awon: faɗin ƙofar da hasken ke shiga, da tsawon lokacin da ƙofar ke zama a buɗe, da ƙarfin jin hasken na farantin da ke ciki, wanda ake kira ISO. In ka taɓa ɗaya, sai ka gyara sauran. Ɗauki ango da ya fito daga wajen ɗaurin aure da rana tsaka, cikin farar shadda da ta sha bugu. In ka bar kyamara ta yi wa kanta hukunci, farin rigar zai ruɗe ta, ta rage haske, fuskar ango ta yi duhu har ba a gane idanunsa. In ka buɗe don fuskar ta fito, aikin da ke wuyan rigar ya ɓace. Wanda ya koyi aikin zai ja ango zuwa inuwar zaure ko gindin darbejiya, ko ya cika fuskar da ɗan hasken fulash, ya sami fuskar da rigar gaba ɗaya. Haka dokin da ya zaburo a hawan salla: sai ƙofar ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa kafin ƙafafunsa su tsaya cak a hoto. Waɗannan ba a iya su da sauraron lakca, sai da maimaici.

Nan ne ma'aunin zaɓen makaranta yake. Sunan jami'a ba ya ɗaukar hoto. Gani ya kori ji: daga Funtuwa zuwa Zariya ba nisa, ɗan Sabuwa ko Faskari ma Zariya ta fi masa kusa da birnin Katsina. A shiga mota a je sashen, a nemi ɗaliban aji uku ko na huɗu, don su ba su da abin ɓoyewa. A tambaye su kyamara nawa ke aiki, mutum nawa ke raba guda, ko ana barin ɗalibi ya fita da ita. A tambayi ko akwai situdiyo mai fitilu, da kwamfutocin gyaran hoto, da wutar da za ta kunna su. A nemi ganin aikin ƙarshe na waɗanda suka gama bara. A kuma binciki malamin: shi kansa yana ɗaukar hoto, ko daga littafi kawai yake karantowa?

Sai maganar takarda. Kwas ɗin jami'a sai da amincewar NUC, na kwalejin kimiyya da fasaha kuwa sai da ta NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna. Kwas ɗin da ba a tantance ba yana iya hana mutum zuwa bautar ƙasa bayan ya gama shan wahala. Digiri shekara 4 ne. Hanyar difloma kuwa shekara 2 ce ta ND, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan shekara 2 ta HND. Wannan shekarar ta tsakiya ba ta zaman gida ba ce. Wanda ya yi ta a situdiyo mai ciniki a Kano ko Kaduna, yana riƙe fitila yana ɗaukar jaka, zai koma aji ya fi kowa. Sharaɗin shiga galibi kiredit 5 ne har da Turanci, kuma makarantu da dama na neman adabin Turanci ga mai son jarida, ko darasin zane ga mai son zane-zane. Tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ya kamata a san wannan, kada a zo cika fom a tarar ba a zauna jarrabawar darasin ba.

Iyaye kan tambayi kuɗin makaranta su manta da kuɗin kaya. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, da ya fara aiki a 2024, yana taimaka wa ɗaliban makarantun gwamnati da kuɗin rajista da na kashewa, amma kyamara da kwamfuta nauyin gida ne. Tsohuwar kyamara mai lafiya da gilashi guda mai kyau ta ishi mai koyo. Abin da zai kashe ta a ƙasarmu shi ne ƙurar hunturu, in ana sauya gilashi a fili cikin hazo.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, a je shagon mai hoto kawai a koya. Suna da hujja. Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda ta nuna wa duniya rayuwar yau da kullum ta Borno a tsakiyar rikici, aikin jinya ta karanta. Bayo Omoboriowo, wanda ya yi aikin ɗaukar hoton tsohon Shugaba Muhammadu Buhari, ilimin sinadarai ya yi a Legas. Malick Sidibé na Mali, da ya sami babbar lambar yabo ta Banis a 2007, ya haɗa biyun ne: ya yi makarantar sana'ar hannu a Bamako, sannan ya zama yaron shagon wani Bafaranshe mai hoto. Shago na koyar da sauri, da ciniki, da haƙuri da dangin amarya. Makaranta na ba da dalilin abin da hannu ke yi, da abokan aiki, da kwalin da ake tambaya a gidan jarida ko ofishin gwamnati.

Ɗan wannan yanki yana da ƙarin dalilin neman horo mai kyau. Tun sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, hoton da duniya ta fi sani na ƙasar Pauwa shi ne na tashin hankali. Kasuwar shanu ta Sheme, da gonakin masara, da masu haƙar farar ƙasa, duk suna jiran mai ɗaukarsu. Amma a inda ake zaman ɗar-ɗar, wanda ya ɗaga kyamara ba izini ana iya ce masa infoma, kuma hoton da ya nuna fuskar wanda ya yi magana yana iya jawo masa bala'i. Neman izinin mai gari da na mai fuska, da sanin hoton da ba a sakewa, darasi ne da ya kamata a tambaya ko yana cikin manhaja.

Kafin fom ya fito, a fara da wayar da ke hannu. A zaɓi abu guda, kamar maƙerin unguwa ko masu ɗinkin hula, a bi shi wata 3 da yardarsa, a tace hotuna 20 mafiya kyau. Su za a nuna wa malami a Zariya ko Jos, su za a nuna wa mai situdiyo in ana neman wurin koyon aiki, kuma su ne za su gaya wa yaron da iyayensa ko sha'awar tasa za ta iya jure shekara 4.