SUNA LINZAMI NE, KO A CIKIN KWAMFUTA

Hausawa sun ce suna linzami ne. Da can ina tsammanin mutane kawai ake nufi, sai da na shiga ƙungiyar koyon kwamfuta ta makarantarmu na ga maganar ta wuce nan.

Wata rana na rubuta wata 'yar manhaja da harshen Python don ta tara makin jarrabawa. Na sa mata 20 da 30, ina jiran 50, sai ta ba ni 2030! Abokaina suka bushe da dariya. Malaminmu ya ce, "Kai yaro, ai kwamfuta ba ta ɗauke su a matsayin lamba ba, rubutu ta ɗauke su, ta jera su kafaɗa da kafaɗa. Sai ka juya su tukuna." Da na sa umurnin int, wanda ke mai da rubutu lamba, sai lissafi ya fito daidai.

To, irin waɗannan umurnai na juya bayani daga wata siffa zuwa wata, jibge suke a cikin rumbunan manhaja, wato tarin ayyukan da gwanaye suka riga suka rubuta don wasu su ɗauka su yi amfani da su. Mai shiga rumbun da ba shi ya gina ba, da me zai gane abin da ke ciki in ba da suna ba?

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972, akwai umurnin atoi. Sunan gajere ne ƙwarai, baƙo ba zai gane shi ba. Abin da ya fi muni, in ka ba shi rubutun da ba lamba ba, sai ya ba ka sifiri ya yi shiru abinsa. Harshen Java na 1995 ya zo da sunaye masu bayyana kansu, kamar toString da parseInt.

Amma tsarin da ya fi burge ni shi ne na harshen Rust, wanda cikakken fitowarsa ta farko ta kasance a 2015. Masu shi sun ware kalmomi uku da ake fara suna da su. In suna ya fara da as, to leƙe ne kawai, kamar ka juya tabarma ka ga bayanta. Ba wahala, ba asara. In ya fara da to, aiki ne mai cin lokaci, kamar ka kwafe littafin abokinka. Ka sami naka, nasa kuma yana nan. In kuwa ya fara da into, to kamar ka kai dawa inji ne. Ka sami gari, amma dawar ta tafi ke nan. Akwai kuma masu farawa da try, waɗanda ke gargaɗi cewa juyin yana iya ƙin yiwuwa, sai mai rubutu ya yi tanadi.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ran 4 ga Yuni, 1996, rokar Turawa mai suna Ariane 5 ta tarwatse a sama ba ta cika minti ɗaya da tashi ba. Dalili kuwa, manhajarta ta so ta cusa wata babbar lamba a wurin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Ba suna ne ya jawo haka ba, amma ya nuna mana haɗarin da ke cikin juya bayani, da amfanin sunan da zai tunatar da mutum tun kafin ya afka rami.

Tun daga ranar da aka yi mini dariya, ba na raɗa wa umurni suna sai na tambayi kaina: wanda bai san ni ba, zai gane abin da wannan yake yi? Ina roƙon 'yan'uwana masu sha'awar wannan ilmi su riƙe wannan tambaya, iyayenmu kuma su ci gaba da ƙarfafa mana gwiwa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.