Kaka a Tafkunan Sierra Nevada: Kifin da Aka Hau da Shi Tsauni

A gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka akwai jerin tsaunuka da ake kira Sierra Nevada, sun miƙe fiye da kilomita 600 daga arewa zuwa kudu. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Whitney, mai mita 4,421. A lungunan duwatsun nan akwai dubban tafkuna, manya da ƙanana, ruwansu garau, har mutum na iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. Yawancinsu mota ba ta zuwa. Duk mai son ganin su sai ya goya makwancinsa da abincinsa a baya, ya bi ƙafa. Tun da zama ya kawo ni wannan jiha, babu lokacin da nake ɗokin zuwansa irin ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da nake ɗaukar jaka da sandar kamun kifi in nufi sama.

Mutanen gari sun fi hawa a Yuli da Agusta, sa'ad da yara ke hutu. Amma wanda ya san wurin ya san kaka ta fi. Sauron da ke hana sakat a farkon lokacin zafi, sanyin dare ya gama da shi. Hadarin la'asar mai tsawa ya ragu. Rafukan da ke ambaliya idan dusar ƙanƙara na narkewa sun janye, ana tsallake su ba fargaba. A kwaruruka irin na Bishop Creek, ganyen itatuwan aspen ya rine ya koma rawaya da ruwan lemo, har mutane na tuƙo mota daga nesa don kallon wannan kaɗai. Jama'a sun watse, sai ka wuni a bakin tafki ba ka ga mutum uku ba.

Sai dai kaka ba ta bayar da wannan kyauta a banza. Yini gajere ne, dare dogo. Da rana za ka iya yawo da riga ɗaya, da asuba kuwa ka tarar ruwan gorarka ya daskare. Guguwar dusar ƙanƙara ta farko na iya saukowa a Oktoba, ta shafe hanya cikin dare guda. Shi ya sa ba na barin gida sai na duba hasashen yanayi, na kuma faɗa wa iyalina hanyar da zan bi da ranar da zan sauko.

Hawa da numfashi

Hanyar da na fi so ita ce ta tafkunan Cottonwood. Daga Los Angeles tafiyar kimanin awa huɗu ce a mota zuwa wani ƙaramin gari mai suna Lone Pine. Daga nan titi ke lanƙwasa yana hawa jikin dutse har ya dire a Horseshoe Meadow, wajen mita 3,000 sama da teku. Don mai karatu ya gane tsayin, Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan inda ake ajiye mota ma ya ɗara shi da kusan mita 600, tafiyar ƙafa kuwa ba a ko fara ba.

A wannan tsayi, iskar da ake shaƙa a numfashi guda ba ta wuce kashi 70 cikin ɗari na wadda ake samu a bakin teku ba. Jiki na jin haka nan take: taku kaɗan sai haki, zuciya na bugawa da sauri. Wasu kan yi ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin barci. Ƙarfin jiki ba ya hana wannan, matashi majiyi ƙarfi na iya kwantawa dattijo ya wuce. Abin da ke taimakawa shi ne a kwana a wurin ajiye mota kafin a fara hawa, a riƙa shan ruwa, a tafi a hankali, domin sannu ba ta hana zuwa. Idan kuwa ciwon kan ya ƙi sauka, ko tari da ƙuncin numfashi suka shigo, ko mutum ya fara tangaɗi, magani ɗaya ne: a sauko ƙasa ba tare da jiran gari ya waye ba.

Daga Horseshoe Meadow zuwa tafkunan kimanin kilomita tara ne zuwa goma. Hanyar na ratsa dajin wani irin icen pine da ake kira foxtail, gajeru masu kauri, iska ta murɗe jikinsu, wasunsu sun haura shekara dubu a tsaye. Saboda jinkirin girman itatuwan wannan tsayi ne aka hana hura wuta a manyan wurare na sama. Guntun icen da za ka ƙona cikin rabin awa, ƙasar wurin ta yi shekaru tana jiran ya ruɓe ya ciyar da ita.

Abin da ke cikin jaka

Masu wannan tafiya kan ce kada nauyin jaka ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauke da ita, don haka kowane cokali sai an yi masa hisabi. Akwai ƙaramin tanti, da bargon shiga mai jure sanyin da ya yi ƙasa da sifiri, da siririyar katifa mai raba jiki da sanyin ƙasa, da ɗan risho na gas, da matatar ruwa, domin ruwan da ya yi garau ma yana iya ɗauke da ƙwayoyin gudawa. Tufafi kuwa na ulu ne ko na roba. Auduga idan ta jiƙe da gumi ba ta bushewa da wuri, sai ta zuƙe ɗumin jiki.

Dole ne a nemi takardar izinin kwana daga hukumar gandun dajin Inyo. Dole ne kuma a wannan yanki a zuba abinci, har da man goge baki da duk wani abu mai ƙanshi, cikin wata ƙaƙƙarfar gwangwani da beyar ba ya iya buɗewa, a ajiye ta nesa da tanti. Dokar nan ta fi kare beyar fiye da mutum, domin wanda ya saba da abincin mutane yakan zama haɗari, ƙarshensa kuma sau da yawa harbi ne.

A mita 3,000 ruwa na tafasa ne a wajen digiri 90, saboda haka wake da shinkafa sai su cinye maka gas ba su nuna ba. Ni nakan ɗauki kuskus, da garin rogo, da gyaɗa, da dabino, da ganyen shayi. Ruwan alwalar asuba nakan ɗumama shi a risho, in yi ta nesa da bakin tafki. Alƙibla daga nan tana arewa ne da ɗan karkata zuwa gabas, abin da ke ba baƙo mamaki ranar farko.

Fatsa da ƙudan ƙarya

Kamun kifin da ake yi a nan ya bambanta da fatsar da muka sani. Ba a sa tana, ba a sa dalma. Ana ɗaure gashin tsuntsu da zare da ɗan gashin dabba a jikin ƙaramar ƙugiya, har ta yi kama da ƙwaro. Wannan ƙudan ƙarya ba shi da nauyin da za a jefa shi, don haka nauyin yana cikin igiyar ne. Da sanda mai tsawon kusan mita uku ake kaɗa igiyar gaba da baya a iska, kamar yadda makiyayi ke kaɗa doguwar bulala, sannan a sake ta ta kwanta a kan ruwa. A ƙarshenta akwai siririn zaren da kifi ba ya gani, shi ke sauke ƙudan a hankali.

Fasahar ta fi ƙarfi a ido fiye da hannu. Tafkunan sama ba su da yalwar abinci, kuma suna shafe fiye da rabin shekara a ƙarƙashin ƙanƙara. Da kaka, ruwa ya yi sanyi, kifi ya baro zurfi yana sintiri a gefe yana neman abin da zai tara kafin tafki ya rufe. Da hantsi zuwa la'asar iska mai ɗumi na tasowa daga kwari, ta kwaso tururuwa da fara da ƙananan ƙwari ta zubar a kan ruwa. Saboda haka nakan zauna a bayan dutse in yi kallo tukuna: ta ina kifin ke zuwa, ina yake juyawa, me yake tsinta. Inuwar mutum kaɗai ta isa ta kore shi. Idan na gane hanyarsa, sai in ajiye masa tururuwar ƙarya 'yan taku a gabansa, in jira. Ganin sa ya taso daga ƙasa a hankali, ya tsaya ya duba, sannan ya buɗe baki, shi ne abin da ya sa nake ɗaukar wahalar hawan.

Kifin Cottonwood shi ne tirawut mai ruwan zinariya, wanda Kalifoniya ta ayyana a matsayin kifin jiha a 1947. Gefensa rawaya ne mai sheƙi, cikinsa ja, da jan layi a tsakiya da ɗigo-ɗigo baƙi wajen wutsiya. Yawanci bai wuce tsawon tafin hannu da rabi ba. Nakan danne 'yar ƙayar bakin ƙugiya da filaya don ta fita ba rauni, in jiƙa hannuna kafin in taɓa shi don kada in goge yauƙin da ke kare fatarsa, in mayar da shi ruwa nan da nan.

Yadda kifi ya hau tsauni

Ga abin da yawancin baƙi ba su sani ba: kusan duk tafkunan saman Sierra asalinsu babu kifi a ciki. Ƙanƙarar zamanin da ce ta ƙwaƙule ramukansu, da ta narke kuma sai ta bar magangarun ruwa masu tsayi da kifi ba ya iya haurawa. Asalin gidan kifin zinariya 'yan rafuka ne kawai a yankin kogin Kern. A 1876 wani mai injin yankan katako, Kanar Sherman Stevens, ya ɗebi guda 13 daga rafin Mulkey a cikin butar gahawa, ya tsallaka da su zuwa rafin Cottonwood, 12 suka rayu. Daga baya aka hau da zuriyarsu cikin tafkunan. Masu haƙar ma'adinai, da makiyayan tumaki, da ƙungiyoyin masu kamun kifi, da hukuma kanta, duk sun riƙa ɗora gwangwanayen 'ya'yan kifi a kan alfadarai suna zubawa a kowane tafki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma zubo su daga jirgin sama. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi. Gani suke tafki mara kifi tafki ne da babu kowa.

Alhali akwai mai gida. Wani kwaɗo ne mai rawayan ƙafafu, wanda ya taɓa cika bakin tafkunan nan. Saboda gajartar lokacin ɗumi, talibambam ɗinsa kan yi shekara biyu zuwa huɗu a ruwa kafin ya zama kwaɗo, don haka yana buƙatar tafki mai zurfin da ba ya daskarewa har ƙasa, wato daidai irin wanda aka zuba wa kifi. Kifin ya cinye 'ya'yan kwaɗi da manyan ƙwarin ruwa. Sannan wata cutar fata mai kashe kwaɗi a duniya ta zo ta ƙarasa saura. Kwaɗon ya ɓace daga fiye da kashi 90 cikin ɗari na wuraren da yake da, kuma a 2014 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Mutanen Afirka sun san irin wannan labari: giwan ruwa ɗan gida ne a Tafkin Chadi da kogin Kwara, amma da aka kai shi Tafkin Victoria a shekarun 1950, ya taimaka wajen shafe nau'o'in ƙananan kifaye masu yawa.

Masana sun gwada gyara. Roland Knapp da Kathleen Matthews sun binciki tafkuna da kududdufai fiye da 1,700, suka nuna a shekarar 2000 cewa inda kifi ya yi yawa kwaɗo ya yi ƙaranci. Vance Vredenburg ya shimfiɗa kalli a wasu tafkuna na Kings Canyon ya kwashe kifin ƙaf, sakamakon da ya fitar a 2004 ya nuna kwaɗi sun dawo da sauri. Gandun Yosemite ya daina zuba kifi a 1991, kuma wani bincike na 2016 ya gano cewa yawan kwaɗin can ya ninka sau bakwai cikin shekara 20.

Wasu abokan kamun kifina na jin zafin wannan aiki, musamman idan ya taɓa tafkin da mahaifinsu ya koya musu jifa. Na fahimce su, domin ni ma ina son kifin nan so na gaske. Amma ina goyon bayan aikin. Tafkunan da ake kwashe wa kifi 'yan kaɗan ne cikin dubbai, kuma mai sanda ba zai rasa inda zai jefa ƙudansa ba har ƙarshen rayuwarsa. Kwaɗon kuwa ba shi da wani gida a duniya sai wannan. Abin da ake nema daga gare mu bai taka kara ya karya ba: kada mu ɗauki kifi daga wani ruwa mu kai wani, mu wanke takalma da kayan kamu mu shanya su kafin mu sauya kwari don kada mu yi jigilar cuta, mu kafa tanti nesa da baki, mu sauko da sharar da muka hau da ita. Mutanen da suka hau da kifi a butar gahawa ba su san abin da zai biyo baya ba. Mu mun sani, saboda haka nauyin da ke kanmu ya fi nasu.