Alhaji, Ina Takardar Gargaɗin?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu ɗaukar ma'aikata a Yamai, daga masu gidajen burodi da makarantun kuɗi har manyan 'yan kasuwar Katako da Wadata. Sai su yi ta haɗiye laifin ma'aikaci shekara da shekaru ba su rubuta ko harafi ɗaya ba. Ranar da tura ta kai bango, su ce ya ajiye makulli ya kama gabansa. Bayan 'yan kwanaki sammaci ya iso daga ofishin sufeton ƙwadago, wato Inspection du travail, sai ido ya raina fata.

Haka ta faru da wani mai sayar da kayan gini da na sani. Yana da mai kula da sito wanda ya daɗe a hannunsa. Makara ta zame wa yaron jiki, buhunan siminti suna yin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, wata rana ma tun kafin la'asar zai rufe sito ya tafi sabgarsa. Alhaji ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya kira yayan yaron, har limamin unguwa ya sa baki. Duka da fatar baki. Da ya kore shi, yaron ya kai ƙara. Sufeto ya nemi takardar neman bayani da aka taɓa ba shi, babu. Ya nemi gargaɗin da ya sa wa hannu, babu. Littafin shige da ficen kaya kuwa an daina cika shi tun bara. Abin da Alhaji ke ta maimaitawa shi ne kowa a kasuwa ya sani. To, waɗanda suka sanin abokan aikin yaron ne, tare suke cin shinkafa da wake da rana, kuma ba wanda ya yarda ya zo ya tsaya. Ƙarshenta ya biya kuɗin wa'adi, da haƙƙin sallama, da na hutun shekara da bai taɓa ba shi ba. Garin bincike kuma aka gano bai yi masa rajista a asusun fanshon ma'aikata, wato CNSS, ba, wata sabuwar rigima ta buɗe.

Ban ji tausayinsa sosai ba. Mutumin da ke rubuta bashin kusa na jika biyu a littafi, da sunan mai shi da rana, shi ne ya kasa rubuta ɓatan siminti sau ɗaya?

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ba ta hana kora ba. Cewa ta yi sai da dalili karɓaɓɓe, kuma a sanar da ma'aikaci a rubuce tare da faɗin dalilin. Idan sulhu ya gagara a gaban sufeto, magana ta wuce kotun ƙwadago, can kuma alƙali ne ke auna ko laifin ya kai girman da za a hana mutum kuɗin wa'adi. Shi alƙali bai taɓa shiga sitonka ba. Abin da ke cikin dosiye shi zai duba.

Inda mutanenmu suka fi kwafsawa shi ne yadda ake rubutun. Wani ya ji an ce a rubuta, sai ya rubuta: wane ba shi da tarbiyya, malalaci ne, ba a amince masa ba. Wannan zagi ne, kuma kai zai komo wa. Rubuta abin da ya faru kawai: ranar Talata kaza ga wata, ya iso ƙarfe 10 maimakon ƙarfe 8; an ƙirga siminti da yamma, buhu 6 babu. A rubuta a ranar, ko washegari, tun abin na da ɗumi. A ba shi takardar neman bayani ya amsa da kansa, a haɗa amsar da takardar a wuri ɗaya, ko da amsar ba ta yi maka daɗi ba. Sannan gargaɗi, sannan dakatarwa ta 'yan kwanaki idan ya sake. Kowace takarda da kwanan wata da sa hannu, shi da kofi, kai da kofi.

Takardun nan da Faransanci ake yin su, alhali da yawa cikin masu gadi, direbobi da leburori ba su karanta shi. Kada ka miƙa wa mutum biro ka ce sa hannu nan. A karanta masa da Hausa ko Zabarmanci a gaban wakilin ma'aikata, in babu a gaban shaida. In ya ƙi sa hannu, a rubuta cewa ya ƙi, shaidan ya sa nasa.

Masu dabarar zuwa shagon buga takardu daren jajibirin zaman sulhu, su bugo gargaɗi uku da kwanakin baya, su ji tsoron Allah. Takardu uku fes, ba lanƙwasa, ba sa hannun mai laifi: sufeto ya sha ganin irinsu. Haka masu cewa ai na tura masa murya ta WhatsApp. Ranar da aka fizge wayar a Babbar Kasuwa fa? Masu yanke albashi da sunan tara kuma su sani doka ta hana mai gida cin ma'aikaci tara.

Ma'aikaci, kai ma da naka sakacin. Takardar albashi ta kowane wata, wasu a aljihu take kwana har a wanke ta da riga. Ana cire maka kashi 5.25 cikin ɗari da sunan CNSS, amma ka taɓa zuwa ka duba ko kuɗin na isa? Kada sai ka kai shekara 60 ka gano an yi shekaru ba a zuba maka ko dala ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 tun farkon 2024, kuma da takardar nan za ka nuna an biya ka ƙasa da haka. Sa takardun a leda, ka rataye sama. Mutanen Saga da Kirkisoye sun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa takardun da ke ƙarƙashin katifa. Ɗauki hotonsu kuma ka ajiye a intanet.

Dosiyen ma'aikaci amana ce. Akwai takardar haihuwarsa, da ta likita, da sunayen iyalinsa. Abin takaici ne mutum ya sayi ƙosai ya tarar an naɗe masa shi da takardar gargaɗin wani bawan Allah, da suna da hoto. Ƙasar nan tana da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, kuma kabad mai makulli ba shi da tsada.

In rabuwa ta zo, ko da faɗa aka rabu, wajibi ne a ba shi takardar shaidar aiki. Ranar da ya fara, ranar da ya bari, da irin aikin da ya riƙe, su kaɗai ake rubutawa a ciki. Labarin simintin a dosiye zai tsaya.