Mai Lallashi Ma Yana Buƙatar Lallashi

A watan Afrilun 2020 cutar korona ta shigo Kano, aka rufe gari, ma'aikatan lafiya da dama suka kamu. Likitocin ƙwaƙwalwa, masu kwantar wa jama'a hankali, su ma fargabar kai cutar gida ta kama su. Abin da ke riƙe irin waɗannan ma'aikata shi ne faɗa wa abokan aiki damuwarsu, samun hutu da addu'a.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mai ciki 1 cikin 10 na fama da ciwon damuwa. Don haka uwargida a Kutama, idan barci ya gagara ko kuka ya yawaita, kada ki ɓoye. Ki faɗa wa malamar awo a asibitin Gwarzo. Maigida, ka raka ta.